Leƙen Gidan Murjani a Bahar Maliya

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau za mu bar tudu mu gangara bakin teku. Bahar Maliya muka nufa, tekun da duk alhajin da ya tashi daga Kano ko Yamai yake ƙetarewa ta sama, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa leƙa abin da ke cikinta.

A gaɓar wannan teku ta ɓangaren Masar, a garuruwa irin su Hurgada da Marsa Alam da Sharm el-Sheikh, akwai wata sana'a da dubban mutane ke ci da ita. Sana'ar ita ce ɗaukar baƙi a jirgin ruwa, a kai su inda duwatsun murjani suke, su kwanta rub da ciki a saman ruwa su yi kallo. Ba nutso ba ne. Ba a goya tukunyar iska. Kayan aikin uku ne: gilashin da ke rufe ido da hanci, da ɗan bututu da za ka ciza a baki, ɗaya ƙarshensa na sama da ruwa kana shaƙar iska ta ciki, sai dogayen takalman roba masu faɗi. Wanda bai ƙware a iyo ba a ƙara masa rigar da ke hana nutsewa.

Kafin a shiga, jagora zai ce kowa ya tofa yawu a cikin gilashinsa, ya goge da yatsa, ya ɗauraye. Baƙo yakan yamutsa fuska, amma in bai yi ba, gilashin ya yi hazo ke nan. Sai a zauna a bakin jirgi, jagora ya ce “yalla”, a zame ɗaya bayan ɗaya. Minti biyun farko, sabon shiga ba ya ganin komai, domin hankalinsa duk yana kan numfashi, yana jin hucinsa na kai da kawowa a cikin bututu. Sai ya natsu tukuna kunnensa zai fara kama wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ta ko'ina. Ƙananan jatanlande ne ke wannan ƙarar da ƙafafunsu, da kuma kifin aku, mai launin kore da shuɗi, yana kankarar dutse da haƙoransa. Yana gatsa, yana niƙawa, yana kasayar da farin rairayi. Wani kaso na farin yashin da ake shimfiɗa tabarma a kai a bakin irin waɗannan tekuna, ta cikin wannan kifi ya biyo.

A gurguje, mene ne murjanin? Ba jan tsakiyar da iyayenmu mata ke ratayawa ba, wancan dangi ne na daban. Wannan ƙananan halittu ne masu rai, suna zaune dubbai a wuri ɗaya, kowanne na gina wa kansa ɗan gida na farar ƙasa. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke amfani da hasken rana ta samar musu da yawancin abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Wurin da suka mamaye bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku a nan suke samun mafaka. Kuma ga abin da nake so ku riƙe: manyan dunƙulallun murjani, a shekara guda cur, ƙaruwarsu ba ta wuce kimanin santimita 1 ba. Santimita 1 a shekara. Mutum ya gaji, ruwa ya shiga masa bututu, ya ga dutse a ƙarƙashinsa ya ce bari in taka in huta, to ya rushe ginin da ya girme shi.

Wannan ne ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan harka ita ce: mutum nawa? Mutum nawa ne a bayan jagora ɗaya?

Masana sun gwada abin. A gandun Ras Muhammad da ke ƙarshen Sina'i, wanda Masar ta keɓe tun 1983, wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa masu nutson da aka zaunar aka yi musu cikakken bayani kafin su shiga ruwa, taɓa murjanin da suke yi ya ragu ƙwarai. Amma wani binciken da aka yi a tsibirin Sent Lusiya na yankin Karibiyan, wanda ya fito a 2004, shi ya fi tsaya mini a rai. Can an gano cewa gargaɗin jimla ɗaya, irin na sauke nauyi, bai canza komai ba. Abin da ya yi aiki shi ne jagora ya ga mutum zai taɓa, ya matso nan take ya hana shi. To ku faɗa mini, jagoran da ke jan mutum talatin, idonsa nawa? Mai mutum shida ko takwas kuwa ya san wanda ke tsoro, ya san mai rawar kai, ya san yarinyar da gilashinta ke yoyo. Yana gaba yana jan zoben ceto da igiya, wanda ya gaji ya kama zobe, ba sai ya taka dutse ba.

[Kiɗa]

Yanzu ku biyo ni Samadai. Wani lanƙwasasshen shingen murjani ne a cikin teku, 'yan kilomitoci daga Marsa Alam. Bayansa na fuskantar arewa, inda iska ke fitowa, bakinsa a buɗe ta kudu, saboda haka ruwan da ke cikinsa kwance yake lumui. Wannan kwanciyar ruwa ita ta jawo wasu dabbobin dolfin, irin waɗanda ke tsalle sama suna juyi kafin su faɗo. Da dare suke fita farauta a ruwa mai zurfi. Gari na wayewa sai su dawo cikin Samadai da 'ya'yansu su huta. Barcinsu ma abin al'ajabi ne: rabin ƙwaƙwalwa ke barci, rabi na farke, domin dole su riƙa tasowa shaƙar iska. Za ka gan su a jere, kafaɗa da kafaɗa, suna zagaye a hankali.

Da aka buɗe filin jirgin sama a Marsa Alam, baƙi suka fara kwarara, labari ya bazu cewa akwai inda ake iyo da dolfin. Kafin ka ce kwabo, ɗaruruwan mutane ke faɗawa cikin wannan ɗan wuri a rana ɗaya. Jirage na shiga har tsakiya da ƙarar inji. Wani na bin su da iyo, wani na nutsawa ya shafa, wani na raba uwa da ɗanta don ya ɗauki hoto. Ku ɗauka maigadi ne ya kwana a tsaye, ya dawo gida da hantsi ya kwanta, sai 'yan unguwa suka cika masa ɗaki suna yaye masa mayafi, yau da gobe da jibi. Ina zai samu ƙarfin aikin dare?

A ƙarshen 2003 gwamnan lardin Bahar Maliya ya rufe wurin ɗungurungum. A farkon 2004 aka sake buɗewa, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan ni dai sun burge ni, domin babu wata fasaha mai tsada a cikinsu. Igiya ce da balo-balo masu yawo a saman ruwa, aka raba wurin gida uku. Can ciki na dolfin ne kaɗai, babu mahaluƙin da zai shiga. Na tsakiya na masu kallo daga saman ruwa ne, tare da jagora, kuma kowa sai ya sa rigar hana nutsewa, ko da kuwa gwanin iyo ne. Me ya sa? Domin mai wannan riga ba zai iya nutsawa ya bi dabbar ba. Na waje shi ne na jirage da masu nutso. Aka ƙayyade jirage 10 a rana, mutum 200, rabi masu kallo rabi masu nutso, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana. Aka sa kuɗin shiga.

Abin da ya canza shi ne wanda ke da zaɓi. Yanzu dolfin ne ke yanke shawara. In ya ga dama ya ƙetaro igiya ya zo ya duba ku, ya zagaye ku, har ku ji kukansa siriri a cikin ruwa. In bai ga dama ba, ku dawo jirgi ba ku gan shi kusa ba. Jagoran kirki tun a bakin gaɓa zai gaya muku haka. Wanda ya ce muku ya yi alkawari lallai sai kun shafa dolfin, ku riƙe kuɗinku.

Ƙaramin rukuni kuma ba don dabba kaɗai ba ne, har da ran mutum. A watan Janairun 1998, a babban shingen murjani na Ostareliya, wani jirgin masu yawon buɗe ido ya taso ya bar wasu mata da miji 'yan Amurka a tsakiyar teku, saboda an yi kuskuren ƙirga. Sai bayan kwana biyu aka lura ba sa nan. Ba a sake ganinsu ba. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar ƙirga mutane a can. Jagora nagari yana ƙirga kai kafin a shiga, yana ƙirgawa a cikin ruwa, yana ƙirgawa bayan an hau jirgi, kuma da suna yake kira.

[Kiɗa]

Mu gangara kudu zuwa Sudan, inda labarin ya taɓo mu. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, waɗanda wasunsu suka shekara da shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, yawancinsu ta Sawakin suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Gidajen tsohon garin Sawakin da dutsen murjani aka gina su, haka ma tsofaffin gidajen unguwar Balad a Jidda. Har yau akwai Hausawa a Port Sudan. Ita kanta Port Sudan an kafa ta ne a 1905, saboda mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci.

A bakin wannan gari ne wani jirgi ke kwance a ƙarƙashin ruwa, kuma labarinsa duk ma'aikacin rediyo zai so shi. Sunansa Umbria, na Italiya. A watan Yunin 1940 ya biyo ta mashigin Suwez zai nufi Massawa, ɗauke da bama-bamai 360,000, da siminti, da motocin Fiat guda 3. A lokacin Italiya ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba tukuna, amma kowa ya san saura ƙiris. Sojojin ruwan Ingila suka tare shi kusa da Port Sudan, suka sa ya tsaya a gefen shingen murjani na Wingate, suka hau da sunan bincike, suna ta jan lokaci. Ranar 10 ga wata, kyaftin ɗin jirgin, Lorenzo Muiesan, yana ɗakinsa yana sauraron rediyo, sai ya ji sanarwar cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi. Ya ji, masu tsaronsa ba su ji ba. Ya san in gari ya waye, bama-baman nan sun zama na abokan gaba. Sai ya je wurin jami'in Ingila cikin natsuwa ya nemi izinin yi wa ma'aikatansa atisayen ceton rai. Aka ba shi. Mutanensa na sauka cikin kwale-kwale, wasu 'yan kaɗan na can ƙasa suna buɗe wa ruwa hanya. Ko da Turawan Ingila suka farga, jirgi ya fara karkata. Aka kama su fursunonin yaƙi, amma kayan sun tafi.

Har yau yana nan kwance a gefensa na hagu, bama-baman na jere a cikinsa, ba a taɓa kwashewa ba saboda haɗari. Murjani ya lulluɓe ƙarfen, kifaye na shiga ta taga suna fita ta ƙofa. Kuma saboda wani sashensa ya kusa taɓo saman ruwa, mai gilashi da bututu ma zai iya kwanciya a sama ya ga tsawonsa yana miƙewa cikin shuɗin ruwa. Ba nisa daga nan akwai Sanganeb mai doguwar hasumiyar haska wa jirage hanya, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya durƙusar da zuwan baƙi, tare da abincin matuƙa da jagorori da masu dafa abinci a jiragen. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Ana yi mini alama da hannu cewa lokaci ya ja, don haka a taƙaice. Babbar barazanar da murjani ke fuskanta ba takun ƙafa ba ce, zafi ne. Ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kacal na wasu makonni, sai murjani ya kori gansakukar nan, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. A watan Afrilun 2024 aka sanar da karo na huɗu da hakan ya game duniya. Murjanin arewacin Bahar Maliya, musamman wajen Aƙaba, an gano ya fi sauran jure zafi, wanda ya sa lalata shi da ƙafa ko da anga ya zama asara biyu. Ƙungiyar HEPCA ta Hurgada kuwa, wadda aka kafa a 1992, ta kakkafa wuraren ɗaure jirage a cikin teku don a daina jefa anga a kan murjani.

Ɗalibanmu da ke Alƙahira da 'yan kasuwa masu zuwa Masar, in hanya ta kai ku bakin tekun nan, kafin ku biya ku tambaya mutum nawa ne a bayan jagora ɗaya, ku tambaya ko jagoran zai shiga ruwa da ku ko a jirgi zai zauna. Mata kuma akwai kayan iyo masu rufe jiki duka, sun ma fi kare fata daga rana. Kada a jefa wa kifi burodi, kada a ɗauko ko ɓallin murjani, dokar Masar ta hana.

Na so in kai ku wani wuri da ake kira Abu Dabbab mu ga ɗan'uwan ayu yana kiwo a ciyawar teku, amma sai wani jiƙon.  

[Kiɗan rufe shiri]