Idan kaya ya fi ƙarfin jaki

Kun san akwai ciwon da ba sauro ke kawo shi ba, ba kuma ruwan tabki ba. Yaro yana gadonsa daga iyaye, kamar amosanin jini. Cikin naman jikin kowane mutum akwai ɗakuna ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kowane ɗaki yana da rubutu, wanda ke gaya ma jiki yadda zai gina jini da tsoka. In kuskure ya shiga rubutun, sai ciwo ya fito.

Likitoci suka ce: to, mu aika ma jiki rubutu mai kyau. Amma wa zai kai saƙon? Sai suka kama wata ƙwayar birus mai suna AAV, wadda ta iya kutsawa cikin ɗakunan nan. Suka kwashe abin da ke cikinta, suka zuba rubutun magani. Ta zama jakinsu ke nan.

Sai dai jakin ƙarami ne. Harafi wajen dubu 4 da ɗari 7 kawai yake ɗauka. Ga shi akwai wani ciwon tsoka, ana kiransa Dushen, mai kama yara maza. Ƙafafu su yi ta rauni, yaro ya kai shekara 12 ko kusa da haka ya kasa tafiya. Rubutun da zai gyara shi ya wuce harafi dubu 11.

Dabara ta farko ita ce rage kaya. A 1990, a Ingila, an ba da labarin wani tsoho ɗan shekara 61. Kusan rabin wannan rubutu babu shi a jikinsa, amma yana tafiya da ƙafarsa. Nan masu bincike suka gane ba kowane harafi ne dole ba. Suka datse rubutun har ya shiga cikin birus. A 2023 Amurka ta yarda da wani magani irin wannan, Elevidys. Kada mu ɓoye gaskiya: ba ya warkarwa sarai, kuma a 2025 wasu samari sun rasu da ciwon hanta bayan an yi musu shi. Kuɗinsa ya wuce miliyar 1 na sefa.

Dabara ta biyu kowane manomi ya san ta: a raba kayan, a ɗora ma jaki biyu. Akwai wata kurumta ta gado, rubutunta harafi wajen dubu 6 ne. A Shangai, ƙasar Sin, likitoci suka yanka shi gida biyu, kowane rabi da birus nasa, suka yi allura can cikin kunne. Da isarsu, rabi da rabi suka haɗe da kansu. A 2024 suka ba da sakamako: cikin yara 6, biyar sun fara ji. Wuyar dabarar, dole jakunan biyu su sauka ɗaki guda. In ɗaya ya iso shi kaɗai, aikin banza ne.

Ku lura, wannan allura ta kurumtar gado iri guda ce. Ba ta maganin kunnen da sanƙarau ya kashe, irin wanda muke gani a ƙauyukanmu bayan bazara. Shi wannan, rigakafi da kai yaro likita da wuri ne ke tare shi.