WA YA CANCANCI KOYAR DA YARA?

Kasuwar Katako tana cikin birnin Yamai. A nan ake sayar da katako, da kwanon rufi, da siminti, da tsofaffin ƙarafa. Akwai maƙera masu zuba tukwanen dalma, da kafintoci, da masu walda. Yara da yawa suna koyon sana'a a hannunsu.

Uban da zai kai ɗansa koyon sana'a ba ya miƙa shi ga kowa. Sai ya bincika. Mutumin nan ya iya aikinsa? Yana da gaskiya? Yana da haƙuri da yara? Wannan bincike ya fi zama wajibi ga malamin makaranta, domin shi hankalin yaro da halinsa ake ba shi amana.

YADDA AKE SAMUN MALAMIN ALLO

A unguwannin da ke kewaye da kasuwar, kamar a ƙauyuka, akwai makarantun allo. Gwamnati ba ta naɗa malamin allo. Jama'a ne suke yarda da shi. Sun san wurin wanda ya yi karatu. Suna ganin sallarsa da zamansa da maƙwabta. Idan halinsa ya ɓaci, sai iyaye su janye ɗiyansu.

Wannan hanya tsohuwa ce. A Sakkwato, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta zaɓi dattijan mata amintattu domin su koyar da matan ƙauye. Ana kiran kowace jaji, ɗalibansu kuma Ƴan Taru. Hali aka fara dubawa kafin a ba mace wannan aiki.

YADDA GWAMNATI TAKE ƊAUKAR MALAMAI

Malamin lakwal kuwa da takardar shaida da jarrabawa ake ɗaukarsa. Wanda ya ci jarrabawa yana shiga makarantar horon malamai. Akwai irinta a Damagaram, da Maraɗi, da Tawa, da Doso, da Tilaberi, da Yamai. A can yake koyon shirya darasi da riƙon aji.

Amma yara sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan, kuɗi kuma ba su isa ba. Saboda haka daga 1998 gwamnati ta soma ɗaukar matasa masu aikin sa kai. Daga baya aka riƙa kiransu ƴan kwantaragi. Albashinsu bai kai na cikakken ma'aikaci ba. Da yawa sun shiga aji ba tare da horo ba. Ajujuwa sun ƙaru, yaran ƙauye da dama sun sami shiga lakwal, amma karatu ya yi rauni.

A 2017 ma'aikatar ilimin furamare ta yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa a duk faɗin ƙasa. Kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. Wannan ya nuna cewa gaggawa wajen ɗaukar malami, yaro ne yake biyan kuɗinta.

MADARASA TA HAƊA BIYU

A 1957 aka buɗe madarasa ta farko ta gwamnati a garin Sayi. A madarasa yaro yana koyon Faransanci da lissafi, yana kuma koyon Larabci da addini. Iyaye da yawa da suka ƙi lakwal sun yarda da madarasa. A 1986 jami'ar Musulunci ta Sayi ta soma aiki, kuma wasu daga cikin ɗalibanta sun zama malaman Larabci.

TARBIYYA A MUSULUNCI

Malaman addini sun bayyana hanyoyin gyaran halin yaro. Ga huɗu daga ciki:

1. Koyi. Yaro ya fi ɗaukar abin da ya gani bisa abin da ya ji. Malamin da yake makara ba zai koyar da cika alkawari ba.

2. Sabo. Ana umartar yaro da salla tun yana da shekara 7. Haka ake saba masa da gaisuwa, da tsabta, da mayar da abin aro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Nasiha. A yi ta da taushin murya, a keɓe, ba a gaban tsaransa ba.

4. Adalci. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, mace da namiji, duk ɗaya ne a gaban malami. Horo ba ya zama da zagi ko jin rauni.

AIKIN IYAYE

Takardar shaida tana nuna ilimi, amma ba ta nuna hali. Iyaye ne suke kusa, su ne suke gani. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta, wanda jama'a suka sani da sunan COGES. Ya kamata uwa da uba su halarci taronsa. Su duba ko malam yana zuwa kan lokaci. Su sa yaro ya karanta musu abin da ya rubuta. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya duba littafin ɗansa da kansa.

Malamin kirki a girmama shi, a taimake shi da masauki idan baƙo ne. Wanda yake fashin aiki ko cutar da yara kuwa, a sanar da darakta ko sufeton makarantu.