Shin Akwai Hannun Kwantam a Tunaninka?

Ta wata fuska amsar eh ce, don ƙwaƙwalwarka ƙwayoyin zarra ne, kuma kowace ƙwayar zarra dokokin kwantam take bi. Amma haka ma tubalin ɗakinka yake. Inda ake gardama shi ne ko tunani yana amfani da abin mamakin nan na kwantam, inda ƙwaya ɗaya kan kasance cikin hali biyu a lokaci guda.

Roger Penrose, masanin lissafi ɗan Ingila, ya taso da zancen a littafinsa na 1989. Daga baya ya haɗa kai da Stuart Hameroff, likitan sa barcin tiyata a Amurka, suka ce hayyaci yana fitowa ne daga wasu siraran bututai da ke cikin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa. Penrose ya ci kyautar Nobel a 2020, amma fa a kan baƙin ramin sararin samaniya, ba wannan ba.

Matsalar ita ce zafi. Halin kwantam ba ya jure hayaniya, ya fi ƙanƙara a ranar Afrilun Sakkwato saurin narkewa. Shi ya sa ake sanyaya yawancin kwamfutocin kwantam zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili. Ƙwaƙwalwarka kuwa tana kan digiri 37, a jiƙe, ƙwayoyi na ta karo da juna. A 2000 Max Tegmark ya lissafa cewa halin zai rushe a bututan nan cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan 10 na daƙiƙa, alhali jijiya kan ɗauki wajen kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa kafin ta harba saƙo. Hameroff ya ƙalubalanci lissafin, amma a ganina tazarar ta yi yawa, kuma galibin masu binciken ƙwaƙwalwa ba su karɓi ra'ayin ba.

To, me ya shafe ka? Wataƙila ka taɓa cin karo da masu na'urar da suke kira ta kwantam: ka riƙe wani ƙarfe, kwamfuta ta zayyano maka ciwon hanta, ƙoda da ƙwaƙwalwa cikin minti biyu, sai a miƙo maka magani mai tsada. Sunan kawai suka ara, ba ruwanta da binciken Penrose. Na'urar MRI ce ke aiki da kwantam da gaske, ta hanyar ƙwayoyin haidurojin na ruwan jikinka, kuma likita ne ke tura ka a ɗauki hoton.