Bishiyar da ta rage ita kaɗai a duniya

A wani lambun tsirrai da ke garin Curepipe na tsibirin Mauritius, a tekun Indiya, akwai wata bishiya dangin dabino da giginya wadda masana ba su san da wata irinta a ko'ina ba. Sunanta na kimiyya Hyophorbe amaricaulis, kuma tsawonta ya kai kimanin mita 12.

Bishiyar tana fure, amma furenta na miji da na mace ba sa buɗewa lokaci guda, saboda haka da wuya ta ba da irin da zai tsira. Ba ta da reshen da za a sara a dasa, ba ta kuma fitar da 'ya'ya a gindi kamar dabino. Wuri ɗaya tak take girma, can a ƙoƙuwarta, kuma duk wanda ya yanke shi ya kashe ta.

Wannan ne ya sa hankali ya koma ɗakin gwaje-gwaje. A can ana ciro ɗan tayin da ke cikin iri, a sa shi a kwalba mai tsabta da ke ɗauke da sukari da sauran abincin tsiro, sannan a ƙara sinadaran girma, waɗanda tsirrai ke amfani da su wajen sarrafa jikinsu.

Biyu daga cikin sinadaran ne suka fi muhimmanci, wato oksin da saitokinin. A shekarar 1957, Folke Skoog da Carlos Miller na jami'ar Wisconsin a Amurka sun nuna, ta hanyar gwaji da tsiron taba, cewa idan oksin ya rinjaya saiwa ce ke fitowa, idan kuma saitokinin ya fi yawa sai toho ya fito. In an daidaita su, sai a sami wani curi marar siffa.

Sai dai dangin dabino ba su da sauƙin kai irin na taba. Sukan ɗauki watanni kafin su motsa, kuma tsokarsu kan yi baƙi ta mutu a kwalba. Akan zuba garin gawayi domin ya tsotse gubar da ke jawo haka, amma gawayin yakan tsotse har da sinadaran girman, abin da ke dagula lissafi. Galibi akan yi amfani da wani ƙaƙƙarfan oksin mai suna 2,4-D, wanda, abin mamaki, shi ne manoma ke fesawa domin kashe ciyawa.

Ko an yi nasara ma akwai haɗari. A shekarun 1980, kwakwar manja da aka hayayyafa ta wannan hanya a Malesiya ta riƙa yin 'ya'ya masu nakasa marasa mai, kuma sai a 2015 aka gano musabbabin.

A shekarar 2002, masana a lambun Kew na Landan sun ba da rahoton samar da sababbin 'yan tayi daga jikin wata 'yar'uwar bishiyar, Hyophorbe lagenicaulis, wadda awaki da zomaye suka kusa ƙarar da ita a tsibirin Round.

Ita kuwa ta Curepipe, an sami 'yan tayinta sun tsira a kwalba, amma da aka fitar da su sai suka mutu.