Kwikwiyo namiji ko ta mace: wanne ya dace da gidanku?

A ƙauyukanmu kare ma'aikaci ne. Yana gadin gida da garken awaki, yana korar birai daga gona, yana raka mafarauci daji. Idan karyar maƙwabci ta haihu aka ce a zo a zaɓa, yawancin mutane maza suke ɗauka su bar matan. Kafin ku miƙa hannu, ku duba waɗannan abubuwa.

Namiji

Yakan fi girman jiki, kuma ba zai tara muku 'ya'ya a gida ba. Matsalarsa yawo. Da zarar ya balaga, idan ya ji warin karya mai neman barbara, yakan bar gida kwana da kwanaki, ya dawo da raunuka. Duk daren da yake waje, gida ba mai gadi. A wurin faɗa da wasu karnuka ne kuma yake iya ɗauko ciwon haukan kare ya kawo wa yara. Dandaƙa a wurin likitan dabbobi tana rage yawon, ba ta hana shi gadi.

Ta mace

Takan fi zama a gida. Tana balaga tsakanin wata 6 da 12. Daga nan takan nemi barbara sau ɗaya ko biyu a shekara, na wajen mako 3, lokacin da karnukan unguwa za su cika muku ƙofar gida. Cikinta na wajen kwana 63 ne, takan haifi 'ya'ya 4 zuwa 8. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Karya mai shayarwa tana cin ninkin abincinta ko fiye, kuma haihuwar tana iya faɗowa lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Takan ciji yaron da ya taɓa 'ya'yanta. Kwikwiyon da aka rasa mai ɗauka shi ne yake zama karen bola. Likita yana iya yi mata aikin hana haihuwa, amma ya fi dandaƙa tsada.

Abin da ya fi jinsi muhimmanci

• Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8.
• A zaɓi mai kuzari, mai ido garau, wanda ba ya zawo. Kumburin ciki sau da yawa alamar tsutsa ce.
• A duba halin uwar. Idan mai cizo ce, a nemi wani wuri.
• A yi masa allurar rigakafin haukan kare yana wata 3, a maimaita kowace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin wannan allura. Ku tambayi ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Kada a jira alama, domin idan ciwon ya bayyana ba shi da magani.

To, wanne za a ɗauka?

Idan gidanku ba shinge kuma abinci bai wadata ba, namijin da aka dandaƙe ya fi sauƙi. Idan kuna da inda za ku tsare karya, kun kuma san waɗanda za su karɓi 'ya'yanta, ta mace za ta yi muku aiki sosai. Ku zauna da uwargida da yara ku yanke shawara tare, tunda su ne za su riƙa ba shi abinci kullum.