Iya Ruwa Fidda Kai: Kwana Biyu a Tsibirin Skye

A gidanmu ba a zuwa ruwa. Doka ce da mahaifiyata ta kafa tun ina aji uku na firamare, a damunar da kududdufin bayan unguwarmu ya ci wani yaro da muke zama benci ɗaya da shi. Daga ranar, duk wanda ya dawo gida da jiƙaƙƙen wando ko jan ido sai ya yi bayani a gaban bulala. Haka na girma, na yi aure, na fara koyarwa, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Sai da na kai shekara 34, ina karatun digiri na uku a ƙasar Sikotilan, sannan na koyi iyo a wurin ninƙaya na jami'a, cikin ruwa mai ɗumi, ga igiya a gefe, ga mai ceto zaune bisa doguwar kujera. Cikin shekara guda na iya kaiwa da komowa sau talatin ba hutawa, na kuwa ɗauka ni da ruwa mun sasanta.

Wanda ya fitar da ni daga wannan ruɗu wani dattijo ne mai kula da kayan aiki a sashenmu, mutum mai ƙarancin magana, ya haura sittin. Shi da ire-irensa suna da wata ɗabi'a wadda da farko na ɗauke ta hauka tsantsa. Sukan nufi gaɓar teku mai nisa da gari, su hau tsauni da ƙafa, idan suka sauko suka tarar da tafki ko wani harshen teku ya tare hanya, sai su tuɓe, su zuba kayansu cikin jaka mai hana ruwa shiga, su hura mata iska, su ɗaura igiyarta a ƙugu, su ratsa da iyo tana binsu a baya. In sun fita su sa kayansu su ci gaba da tafiya. Mutanen Suwidin ma har gasa suka mayar da abin. Ta samo asali daga wata cacar baki da abokai huɗu suka yi a 2002, aka fara gudanar da ita a 2006 da sunan ÖTILLÖ, wato tsibiri zuwa tsibiri, inda mutum biyu-biyu ke cin kusan kilomita 70 tsakanin gudu da iyo a tsibiran da ke gaban birnin Stockholm. Dattijon namu ba ruwansa da gasa. A ganinsa wanda ke duba agogo ba ya ganin dutse.

A watan Yuni ya ɗauke ni zuwa Skye, tsibirin da ke arewa maso yammacin ƙasar, wanda aka haɗa da babban yanki da gada a 1995. Muka ajiye mota a Elgol, ƙauyen da kwalta ta ƙare, muka bi wata siririyar hanya a gefen tudu, teku na hagunmu can ƙasa, har muka isa Camasunary da la'asar. Wurin fili ne mai ciyawa a bakin teku, da wani ɗaki na matafiya wanda ba a kullewa kuma ba a biyan ko sisi. Wata ƙungiyar 'yan sa kai da aka kafa a 1965 ke kula da irin waɗannan ɗakuna. Ba lantarki, ba famfo, waya ma ba ta kamawa. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin salla. Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe goma na dare, jan sararin yamma kuma ya ƙi gushewa har ya zagayo ya zama alfijir. Na haɗa Magariba da Isha a matsayina na matafiyi, wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro ba suna cin fuskata kamar an aiko su.

A daren na tambaye shi gonar wa muka ratso, kuma wa ya ba mu izini. Ya ce ba ma bukatar izinin kowa. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta ba kowane mutum a Sikotilan damar ratsa mafi yawan filaye da tsaunuka da tafkuna, ko na wane ne, da ƙafa ko da iyo, har da kafa tanti, muddin bai yi ɓarna ba kuma bai kutsa harabar gidan wani ba. Na yaba. Sai ya ƙara da abin da ya sanyaya mini jiki: wannan shirun da baƙi ke biyan kuɗi su zo su ji, ba haka Allah Ya bar wurin ba. A ƙarni na 18 da na 19 masu ƙasa sun tashi dubban talakawa daga waɗannan gaɓoɓi don su zuba tumaki. Ƙauyukan Boreraig da Suisnish, waɗanda ba su da nisa da inda muka kwana, a 1853 aka kori mutanensu, kufansu na nan har yau. Sai da manoman Skye suka yi arangama da 'yan sanda a 1882 kafin a yi dokar 1886 da ta kare su daga kora. Tun daga lokacin, in na ji an ce wuri ba kowa, nakan tambayi ina mutanen suka tafi.

Da safe muka ƙetare kogi, muka bi gindin dutse ta bakin teku har wurin da suke kira Bad Step, wato mugun taki. Falalen dutse ne a karkace, da tsaga guda da za ka sa ƙafa a ciki, teku na ƙasanka kai-tsaye. Taku kaɗan ne, amma na karanta duk addu'ar da na sani. Bayansa sai ga Loch Coruisk, tafkin da sunansa ke nufin tukunyar ruwa a harshen mutanen wurin. Sunan ya dace. Baƙaƙen tsaunukan Cuillin sun kewaye shi, mafi tsawonsu ya kai mita 992, ba bishiya ba gida, ruwan kuma baƙi wuluk saboda zurfi. Marubuci Walter Scott ya zo nan a 1814, mai zane Turner ya biyo bayansa. Mu dai muka hau Sgùrr na Strì, ƙaramin cikinsu mai mita 494, wanda dutsensa ke da kaushi kamar dutsen niƙa, yana riƙe takalmi yana kuma cin fatar hannu. Daga samansa na ga tafki da teku a lokaci guda, wani ɗan gajeren kogi ne kawai ya haɗa su.

Na sauko jina-jina da gumi. Dattijo ya riga ya gaya mini in huta, in ci wani abu, in shiga da kaɗan-kaɗan, in jiƙa wuya da fuska tukuna. Na ji, amma ina taƙama da sau talatin ɗina. Na taka wani falale da ruwa ya rufe zuwa cinya, na ƙara taku ɗaya, sai na ji ba ƙasa.

Abin da ya biyo baya ba shi da alaƙa da iya iyo. Bakina ya buɗe da kansa na ja numfashi mai ƙarfi, rabinsa ruwa. Ƙirjina ya ɗaure, numfashi na fita guntu-guntu ba na iya tsayar da shi, hannuwana suna dukan ruwa irin na wanda bai taɓa koyon komai ba. Gaɓa ba ta fi taku biyar ba, amma ban san inda take ba. Fuskar yaron nan na aji uku ta faɗo mini. Sai na ji muryar dattijo kusa da kunnena, a natse, yana maimaita magana ɗaya: in kwanta rigingine, in sa kunnuwa cikin ruwa, in buɗe hannuwa, kada in yi iyo. Ya turo mini jakar iskar na rungume. Bayan kamar minti ɗaya numfashina ya dawo hannuna.

Daga baya na karanta abin da ya same ni. Masana, musamman Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth, sun nuna cewa ruwan da ya gaza digiri 15 a ma'aunin Salsiyas yana firgita jijiyoyin fata, ya jawo wannan shaƙa ta dole, bugun zuciya da hawan jini su tashi. Abin yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku. Da yawa daga masu mutuwa a ruwan sanyi a wannan ɗan lokaci suke tafiya, tun kafin sanyi ya ratsa cikin jikinsu, kuma gwanaye na cikinsu. Wanda ya tsallake wannan, mataki na gaba shi ne tsokar hannu da ƙafa ta saki a hankali, domin ruwa ya fi iska saurin zuƙe zafin jiki ninki-ba-ninki. Akwai kuma na uku, wanda ya fi shafar masu haɗa iyo da hawan dutse: bayan ka fito, zafin cikin jikinka yakan ci gaba da sauka na wani lokaci. Na fito ina dariya, minti goma bayan haka haƙorana na kaɗawa, yatsuna sun kasa ɓalla maɓalli. Dattijo ya sa mini hula da riguna, ya ba ni shayi mai sukari daga fulas. Ya ce da ta mugun taki za mu koma da waɗannan hannuwa, da bai bar ni na taɓa ruwan ba. Ya tsara tafiyar ne yadda jirgin ruwan Elgol zai ɗauke mu. Nan na gane cewa abin da na kira hauka lissafi ne: jadawalin cikar teku da janyewarta, hasashen iska, abokin tafiya, da wanda aka gaya wa lokacin dawowa.

Ba na cewa su ba sa mutuwa. A ƙarshen makon 24 da 25 ga Yulin 2021, lokacin zafi, mutane da dama har da yara sun nutse a tafkuna da kogunan Sikotilan, daidai da karon farko da aka yi bikin ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da nutsewa. Bambancin da na gani shi ne ba su amsa da haramci ba. Ƙungiyar jiragen ceto ta ƙasar, wadda ke aiki tun 1824, ta dage da koyar da abu ɗaya a allunan bakin ruwa da makarantu da talabijin: in ka faɗa, kwanta rigingine. Maganar da dattijo ya raɗa mini ke nan, ba wani sirri ba ne.

Mu ruwanmu ba sanyi ne matsalarsa ba, kuma ba zan ce a tura yara kududdufi ba, inda tsargiya da laka da fasassun kwalabe ke jira. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka nutse a 2021, mun kuma san rabonmu a ciki: ɗaliban Islamiyya a Bagwai a ƙarshen wannan shekara, 'yan biki sama da ɗari a Patigi a 2023. Lodin da ya wuce kima da rashin rigar ceto su ne manyan masu laifi a nan, ban musa ba. Sai dai muna da Sarkawa da Kabawa waɗanda ke nuna gwanintarsu a Argungu muna tafi, ban kuwa taɓa ganin an gayyaci ɗayansu wata firamare ya nuna wa yara yadda ake kwanciya bisa ruwa ba. Bulalar mahaifiyata ta tsare ni shekara 25, amma ƙannena biyu sun riƙa zuwa a ɓoye, Allah ne kawai Ya kiyaye.

A cikin jirgin komawa muka wuce wasu dabbobin teku masu kama da ayu suna shan hantsi bisa duwatsu. Muna dab da Elgol waya ta kama, na kira gida. Na ce, "Hajiya, yau dutse na hau." Ta ce, "Dutse kuma? Me ka ajiye a can? To, Allah Ya tsare. Ban da dai ruwa." Na ce to. Har yau ba ta san sauran labarin ba, sai fa idan ɗaya daga cikin jikokinta ya karanta mata wannan shafi.