NAMAN TARKO DA DILAN AMURKA

A ƙasar Amurka akwai wani naman daji na dangin kare wanda a ke kira koyoti. Sunan na mutanen Aztek ne na ƙasar Meksiko, ya bi ta bakin mutanen Sifen har ya game duniya. Duk wanda ya san dila ya san kamanninsa: dogon baki, kunnuwa a tsaye, wutsiya buzu-buzu. Sai dai ya ɗara dila girma, gama nauyinsa ya kan kai laba 20 zuwa 45. Abincinsa zomaye ne da ɓeraye da mushe da 'ya'yan itatuwa, amma in ya sami ɗan rago ba ya ɗauke kai. Daga nan gābarsa da makiyaya ta samo tushe. Mutumin da ya kwanta da 'yan raguna goma, gari ya waye ya tarar da takwas, ba ya bukatar a faɗa masa ko wane ne abokin gābarsa.

To, koyoti ba ya biyuwa da ƙafa. Hancinsa ya fi idon maharbi nisa, in kuwa ya ji abin da bai yarda da shi ba, sai ya kewaya ta inda iska ke kaɗowa ya sansana tukuna. Abu guda ne ke karya masa wayo, watau yunwa. Don haka maharba suka koma ga naman tarko.

Ga yadda a ke yi a jihohin sanyi irin su Maine. In hunturu ya tsananta, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai maharbi ya nemo barewar da mota ta buge, ko kayan ciki da ƙasusuwa daga mahauta. Ya kan ɗaure naman da waya a jikin turke, don kada a ja shi cikin kurmi. Waɗansu kuma su kan zuba guntayen nama a bokiti, su cika da ruwa, su bar shi ya daskare, yadda dabbar ba ta da iko sai ta tsaya nan tana gwaguya. Sa'an nan maharbin ya kafa 'yar bukka kamar yadi ɗari daga wurin, inda iska za ta taso daga naman zuwa gare shi. Hankaki su ke fara sauka, hayaniyarsu ita ce shela. Koyoti kuwa ya kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana kewaya wurin bai taɓa ba. Ran da ya yarda, cikin dare ya ke zuwa, maharbi na dako da farin wata. Kowace jiha da dokarta game da wannan sana'a.

Wannan shi ne tarko mai ido, gama mai shi yana ganin abin da ya zo. In karen maƙwabci ne ko gaggafa, sai ya sauke bindiga. Amma akwai wani iri, makahon tarko, wanda a ke zuba wa guba a tafi a bar shi. Shi ne Gwamnatin Amurka ta dogara gare shi shekaru masu yawa.

A shekarar 1915 Majalisar Amurka ta ware dala 125,000 don yaƙi da namun dajin da ke cin dabbobin kiwo, a 1931 kuma ta kafa doka ta musamman bisa wannan aiki. Ma'aikata su kan kashe tsohon doki su ja shi cikin daji, su warwatsa 'yan dunƙulen kitse masu guba kewaye da shi. Cikin shekarun 1940 aka kawo wata guba mai tsanani da a ke kira 1080, ana ɗura ta cikin naman a bar shi duk tsawon hunturu. Aka kuma ƙago wani ɗan bututu da a ke kafawa a ƙasa, a shafa masa abu mai wari. Dabbar da ta ja shi da baki, sai ya fesa mata guba.

Koyoti ya mutu ba iyaka, amma ba shi kaɗai ba. Nama ba ya tambayar sunan mai cinsa. Karnukan gida suka ci, yanyawa ta ci, tsuntsaye masu cin mushe suka ci. A 1971 aka tsinci gawawwakin gaggafa da guba ta kashe a wani kwazazzabo kusa da garin Casper na jihar Wyoming, abin ya ta da hankalin jama'a. Ran 8 ga Fabrairu 1972 Shugaba Nixon ya hana zuba wa namun daji guba a filayen Gwamnati. Daga baya aka sassauta dokar, bututun nan ya komo. A 2017, a jihar Idaho, wani yaro ɗan shekara 14 ya taɓa ɗaya kusa da gidansu, ya jikkata, karensa ya mutu a gabansa.

Abin mamaki, duk da wannan ɓarna koyoti bai ƙare ba, sai ma yaɗuwa da ya yi. Dā mazauninsa filayen yamma ne da tsakiyar ƙasar. Yau babu jihar da ba shi sai Hawai, yana cikin manyan birane irin su Chicago, ya kai tsibirin Newfoundland na Kanada cikin shekarun 1980, ta kudu kuma ya ƙetare mashigin ruwan Panama.

Masana sun ba da dalilai uku. Na fari, gubar da bindiga sun gama da kyarkeci, wanda shi ne dodon koyoti, sai fili ya zama nasa. Shaida kuwa ita ce, da aka mai da kyarketai gandun dajin Yellowstone a 1995, cikin 'yan shekaru koyotin arewacin gandun ya ragu da wajen rabi. Na biyu, in an rage su abinci ya kan wadaci sauran, haihuwa ta ƙaru. Wani masani mai suna Knowlton ya nuna a 1972 cewa a Texas, inda ba a matsa musu ba uwa ta kan haifi kamar huɗu, inda a ke yawan kashe su kuwa kusan bakwai. A 1975 waɗansu masana biyu, Connolly da Longhurst, suka yi lissafi cewa sai an kashe uku cikin kowane huɗu, kowace shekara, har fiye da shekara 50, kāna a ga bayansu.

Dalili na uku shi ya fi shafar makiyayi. Binciken da aka yi a Hopland ta jihar Kalifoniya cikin shekarun 1990 ya nuna yawancin ɓarnar tumaki aikin manya ne, watau miji da mata masu riƙe da yankin. Su kuwa su ne suka fi wuyar kamu. Waɗanda ke saurin faɗa wa tarko ƙanana ne da ba su san duniya ba. Ashe kwaɗayi mabuɗin wahala ne ga wawa kurum; tsohon ɓarawo yana gefe yana kallo. Don haka tun shekarun 1970 makiyaya da yawa suka koma ga manyan karnukan gadi irin na Turai da Turkiyya, masu kwana cikin garke, waɗansu kuma suka sa jakuna. In ɓarna ta ƙi ƙarewa, sai a nemi mai laifin shi kansa.

Akwai dai wuri guda inda makahon tarko ya yi rana. A 1988 ciwon haukan kare ya ɓulla cikin koyoti da karnukan kudancin Texas, har mutum biyu suka rasu. A 1995 hukuma ta sa jiragen sama suka watsa 'yan dunƙulen garin kifi fiye da 800,000, kowanne da maganin riga-kafi a cikinsa, aka riƙa maimaitawa kowace shekara. Koyoti ya ci kamar yadda ya saba cin na guba. A 1994 dabbobi 122 aka samu da ciwon. A shekarar 2000 ba a sami ko ɗaya ba.

Wannan shi ne labarin naman tarko da dilan Amurka. Wanda ya ajiye nama a daji ya kira duk mai jin yunwa, ba wanda ya ke nufi kaɗai ba. Saboda haka ko dai ya zauna ya ga mai zuwa da idonsa, ko kuwa ya tabbata abin da ya sa a ciki ba zai cuci baƙon da bai gayyata ba. Tamat.